Tallafin kuɗi ga ɗakunan karatu

Tallafin kuɗi ga ɗakunan karatu kuɗi ne da gwamnati, gidauniya, kamfani ko ƙungiyar ƙasa da ƙasa ke bai wa ɗakin karatu, wato laburare, domin gudanar da wani aiki takamaimai cikin ƙayyadadden lokaci. Wanda ya karɓa ba ya mayar da kuɗin, amma dole ya kashe su a kan abin da aka amince, ya kuma ba da rahoto. Tallafi ya bambanta da kasafin shekara-shekara, wanda hukumar da ta mallaki laburaren ke fitarwa domin albashi, wutar lantarki da kula da gini. Kowane mai ba da tallafi yana da manufarsa da irin cibiyoyin da yake karɓar buƙatarsu, don haka babban aikin mai nema shi ne gano wanda manufarsa ta dace da buƙatar laburarensa.

Tarihi

Attajirin ƙarafa Andrew Carnegie, haifaffen Sikotland wanda ya yi arziki a Amurka, shi ne ya fi shahara wajen irin wannan tallafi. Tsakanin 1883 da 1929 an gina ɗakunan karatu 2,509 da kuɗinsa, kuma 1,689 daga cikinsu a Amurka suke. Na farko an buɗe shi a Dunfermline, garin da aka haife shi. Sharaɗinsa shi ne garin da ke nema ya ba da fili, ya yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin a kowace shekara wajen tafiyar da laburaren, sannan ya bar kowa ya shiga kyauta. Wannan tsari, inda mai tallafi ke fara aiki mai karɓa kuma ya ɗauki nauyin ci gabansa, yana nan a yawancin shirye-shiryen tallafi har yau.

Gidauniyar Carnegie ta New York, wadda aka kafa a 1911, ta kai tallafinta Afirka ta Yamma. Da kuɗinta aka buɗe laburaren Legas a 1932, kuma ita ta ɗauki nauyin kafa makarantar horar da ma'aikatan laburare a Ibadan bayan rahoton da Harold Lancour ya rubuta a 1958. Gidauniyar Ford ta taimaka wajen kafa Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa na Najeriya, wanda aka yi dokarsa a 1964. Daga shekarar 2000, Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa jami'o'i huɗu a Najeriya: Ahmadu Bello da ke Zariya, Bayero da ke Kano, Ibadan da Fatakwal.

Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta fara sanya kwamfutoci da intanet a ɗakunan karatu na jama'a a Amurka a 1997, daga baya ta faɗaɗa shirin zuwa wasu ƙasashe, sannan ta rufe shi a 2018.

Inda ake samun tallafi

Gwamnati ita ce hanya ta farko. A Najeriya, ɗakunan karatu na manyan makarantu suna samun kuɗi daga asusun TETFund, wanda ya samo asali daga Asusun Harajin Ilimi na 1993, aka kuma sake masa doka a 2011. Kuɗin asusun daga harajin ribar kamfanoni suke fitowa. Harajin ya fara da kashi 2 cikin 100, dokar kuɗi ta 2021 ta mayar da shi 2.5, ta 2023 kuma ta kai shi 3. Jami'o'i ke ɗaukar rabin abin da ake rabawa, kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi kuma kowanne ɓangare ya ɗauki rubu'i. Akwai kaso na musamman domin sayen littattafai, mujallun ilimi da kayan aikin laburare. Makarantun gwamnatin tarayya da na jihohi kaɗai ke amfana. Jami'o'i masu zaman kansu da ɗakunan karatu na jama'a ba sa ciki. A Amurka kuwa hukumar IMLS, wadda aka kafa a 1996, tana raba kuɗi ga hukumomin laburare na jihohi gwargwadon yawan jama'a, su kuma jihohin su raba wa ƙananan ɗakunan karatu.

Hanya ta biyu ita ce shirye-shiryen adana tsofaffin rubuce-rubuce. Babban Laburaren Birtaniya yana gudanar da shirin ceto takardun tarihi da ke cikin haɗari tun 2004, da kuɗin asusun Arcadia. Ƙa'idar shirin ita ce ainihin takardun su ci gaba da zama a ƙasarsu. Hotunansu ake ɗauka, a ajiye kwafi a wata cibiya ta cikin ƙasar, a kuma sanya wani a intanet kowa ya duba kyauta. Shirin ya ɗauki nauyin ayyuka a arewacin Najeriya da Mali, ciki har da rubuce-rubucen Larabci da ajami. A Timbuktu, Gidauniyar Mellon ta taimaka wajen gina laburaren Mamma Haidara, kuma lokacin da aka kwashe rubuce-rubucen garin zuwa Bamako saboda rikicin 2012, asusun Prince Claus na ƙasar Holan da Gidauniyar Ford suna cikin waɗanda suka ba da kuɗi.

Akwai kuma tallafin da ke zuwa a matsayin kaya ko hidima. Ƙungiyar Book Aid International ta Birtaniya, wadda ta fara aiki a 1954, sababbin littattafai take aikawa. Shirin Research4Life yana buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun kimiyya kyauta ko a farashi mai rahusa. Ɓangarensa na lafiya, Hinari, ya fara a 2002 ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙungiyar EIFL tana horar da ma'aikata, tana kuma sasanta farashin mujallu a madadin ɗakunan karatu. A cikin gida, kamfanoni, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, attajirai da waƙafi sukan ba da gini, littattafai ko na'urorin hasken rana.

Yadda ake gano mai tallafi

Ana farawa da fayyace buƙata. Laburaren da ya ce yana son kuɗi kawai ba kasafai ake sauraron sa ba. Wanda ya bayyana yawan masu amfani da shi, abin da suka rasa, nawa aikin zai ci da watannin da zai ɗauka ya fi samun karɓuwa.

Daga nan sai a duba cancanta. Wasu masu tallafi cibiyoyin gwamnati kawai suke karɓa, wasu ƙungiyoyin sa kai masu rajista, wasu kuma sun taƙaita ga wasu ƙasashe. Laburaren al'umma da ba shi da rajista da asusun banki da sunansa yakan nemi haɗin gwiwa da jami'a ko wata ƙungiya mai rajista.

Sanarwar tallafi tana fitowa a shafukan masu bayarwa da na ofisoshin jakadanci, da kuma ta ƙungiyoyin ma'aikatan laburare, kamar Ƙungiyar Laburare ta Najeriya da aka kafa a 1962, da AfLIA mai hedikwata a Accra, da IFLA ta duniya. Ƙungiyar Candid, wadda ta samu a 2019 bayan haɗewar Foundation Center da GuideStar, tana tattara bayanan gidauniyoyi da abin da suka bayar. Jerin waɗanda gidauniya ta tallafa wa a baya yana nuna girman kuɗin da ta saba bayarwa da irin aikin da take so. Da yawa daga masu tallafi suna fara karɓar gajeren bayani, sai wanda ya tsallake a nemi ya kawo cikakkiyar takarda da kasafi.

Matsaloli

Babbar matsalar tallafi ita ce ƙarewarsa. Idan wa'adi ya cika babu tanadi a kasafin hukuma, kuɗin intanet da na mujallu sukan yanke, kwamfutoci su lalace babu mai gyara. Yawancin masu tallafi ba sa biyan albashin dindindin ko kuɗin wuta. Manufarsu ma tana canzawa, kamar yadda rufe shirin Gates ya nuna. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta ba da umarnin rage ayyukan IMLS, lamarin da ya kai ga shari'a a kotu.

Matsala ta biyu ita ce lissafi. A tsarin TETFund, makarantar da ba ta kammala bayanin yadda ta kashe kason baya ba takan sha wuyar karɓar na gaba, kuma asusun ya sha kokawa kan kuɗin da aka ware amma makarantu ba su karɓa ba. Ƙananan ɗakunan karatu, waɗanda suka fi buƙata, su ne galibi ba su da ma'aikacin da ya ƙware wajen rubuta takardar nema da rahoton kuɗi. Saboda haka horar da ma'aikata kan waɗannan biyun ya shiga cikin ayyukan ƙungiyoyin laburare.