Babbar waya a ƙasar Gobir: abin da shekara biyu ke nunawa

Manyan wayoyi irin su iPhone da Samsung Galaxy S sun daina zama baƙin ido a Sabon Birni da Isa. Za ka gan su a hannun dillalan hatsi da dabbobi, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, da samarin da suka dawo daga ci-rani. Yawancinsu na hannu ne, daga kasuwar Farm Centre ta Kano ko shagunan Sakkwato.

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa masu ciniki koyon tura kuɗi ta OPay da Moniepoint, amma wannan bai bayyana sayen waya mai tsada ba, domin Tecno da Infinix ma suna yin aikin. Babban dalili shi ne faɗuwar naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi iPhone kafin lokacin ya iya sayar da ita bayan shekara ba tare da asarar kirki ba. Sai waya ta zama ajiya, kamar yadda ake ɗaure rago don ranar buƙata. Sauran kuma neman girma ne a idon jama'a, kuma ba laifi a faɗi haka.

Wahalar tana fitowa ne a hankali. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu yankin nan yakan haura 40. Wayar takan ɗau zafi, ta rage hasken fuska, wani lokaci ta ƙi karɓar caji sai ta huce. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, don haka ana kai ta shagon caji mai janareta ko sola, a jona ta da kowace irin caja aka samu. Batirin da tuni ya sha aiki a hannun mai ita na farko ba ya jure wannan. In gilashi ya fashe kuwa, na asali sai an aika Sakkwato ko Kano, kuma kuɗinsa kan iya sayen sabuwar itel.

Sai batun sabis. MTN ya ƙaddamar da 5G a Satumban 2022 a manyan birane, ciki har da Kano, amma mai waya a ƙauyukan Isa yana biyan kuɗin fasahar da ba zai taɓa ba. A Satumban 2021 ma gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta jihar Sakkwato ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa. Mutanen bakin iyaka suka koma ga layukan Nijar, suna neman tudun da sabis ɗin ɓangaren Maraɗi ke kamawa. Tun daga nan ramin sim biyu ya fi kyamara daraja a wurin mai zirga-zirga tsakanin Gobir ta nan da ta Tibiri. iPhone ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka daga lamba 14 zuwa sama ba ta da ramin sim ko ɗaya, abin da wasu ba sa lura da shi sai sun biya.

Mafi nauyi shi ne tsaro. A hanyoyin da yaran ɗan bindiga Bello Turji da ire-irensu ke tarewa, waya tana ba da labarin mai ita kafin ya buɗe baki. Tsadarta tana nuna akwai abin hannu, saƙonnin banki da lambobin 'yan'uwa kuma suna iya ɗaga kuɗin fansa. Shi ya sa matafiya da dama ke goge saƙonnin alat, ko su bar babbar a gida su ɗauki ƙarama mai madannai, wadda caji ɗaya ke kai ta kwanaki.

A ganina wannan ne ya fi rage ribar cinikin: an kashe dubban ɗaruruwa kan abin da ba a iya fita da shi ranar da aka fi buƙatarsa. Ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025 ya kuma sa wasu kashe data sai dare, lokacin sauraron saƙonnin murya na WhatsApp daga dangin da ke gudun hijira a Gidan Runji ta Nijar.