Injin iska na juyawa, amma wa ya auna wutarsa?

Megawat 10. Lambar da ake maimaitawa ke nan duk lokacin da aka ambaci tashar wutar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai injuna 37 na kamfanin Vergnet na Faransa. Wannan kuwa ƙarfin da aka rubuta ne a jikin ƙarfe, ba wutar da ta bi waya ba. Irin wannan ruɗin ne ke jiran manomin rani ko mai shagon cajin waya a Miga ta Jigawa da zai sayi ƙaramin injin iska, kuma a ganina matsalar ta fi yawa wajen awo.

Gudun iska in ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta ninkawa yake sau takwas. Saboda haka iskar hadari ta 'yan mintoci na iya ba da wutar da iskar safiya ba ta bayarwa a awa guda. Na'ura mai arha da ke duba wuta jefi-jefi takan wuce wannan lokacin ba ta gani ba. Mitocin da suka cika kasuwa kuma an ƙera su ne don wuta irin ta KEDCO, mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, alhali bugun wutar injin iska hawa yake da sauka tare da fukafukansa. Sai mita ta nuna lambar ƙarya.

A auna ta gefen batir, wani ramin na nan. Batir na cika, kwantirola sai ta karkatar da rarar wutar zuwa wani ƙarfe ya ƙone ta a matsayin zafi. Fukafukai na ta gudu, allo na nuna sifiri. In an haɗa da sola, allo ɗaya ke tattara komai, ba a san gwanin ba balle rago.

Ga ƙurar hunturu da ke cushe ma'aunin iska har ya riƙa juyawa da nawa, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga tsawar damina. A fadamar Miga kuwa, akwatin na'urar awo da aka kafa ƙasa-ƙasa na ambaliya ne.

Masu cewa iskar Jigawa ba ta da ƙarfi, gara a tsaya kan sola, suna da hujja: yawancin ƙananan injuna sai iska ta kai wajen mita 3 a daƙiƙa suke fara aiki. To amma awon iskar filin jirgin Dutse ba shi ne na gonar Miga ba.

Illar ita ce ba mai ba da rance kan wutar da ba a auna ba, wanda ya yi asara kuma zai hana maƙwabtansa saye. Da Jami'ar Tarayya ta Dutse za ta kafa ma'aunin iska da na wuta a kan turke ɗaya a Miga, daga hunturu zuwa ƙarshen damina, da mai saye ya samu lambar da zai riƙe dillali da ita.