Kayan Yara da Ba Su da Mazauni

A gidaje da yawa rigimar safiya ba ta wuce ta kaya. An ga takalmi ƙafa ɗaya, safa ta yi ɓatan dabo, ga mai adaidaita sahu yana ta danna hon a ƙofar gida. Da yamma kuma tsakar gida ta cika da motocin roba, 'yar tsana marar hannu, murafun kwalba da gwangwanayen madara. Uwa ta gaji da faɗin "ku kwashe tarkacen nan", har ta kai ga rantsuwa cewa gobe za ta share ta zuba a bola. Hukuncin da aka saba yankewa shi ne yaran yanzu ba sa jin magana. Rabin wannan hukunci kawai na yarda da shi. Sau da yawa idan aka ce wa yaro ya mayar da abu wurinsa, abin ba shi da wurin tun asali.

A duba gidan da kyau. Kwanukan uwargida suna da kabet, tukwane suna da madafa, hular maigida tana da ƙusarta a bango. Kayan yaro fa? Ko dai ƙarƙashin gado, ko bayan ƙofa, ko wata jaka da aka ɗora can saman sif inda ko ya hau kujera hannunsa ba zai kai ba. Alhali yaron nan da ake kira mai watsi da kaya, shi ne a makarantar allo yake jingine allonsa a bango da an tashi, ba ya barin a taka shi ko a tsallaka. Bai canza hali tsakanin gida da makaranta ba. Allon ne yake da wurin da kowa ya sani, da lokacin ajiyewa, kuma ya ga na gaba da shi suna yin haka.

Wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta lura da wannan fiye da shekara ɗari da suka wuce. A watan Janairun 1907 ta buɗe wata makarantar ƙananan yara a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum. Da farko malamar ajin ce ke raba kayan koyo, ta kuma kwashe ta kulle a kabet idan an gama. Yaran sai su riƙa binta a baya, ita kuma tana kora su su koma su zauna, tana ɗauka rashin ji ne. Montessori ta gane cewa so suke a bar su su mayar da kayan da hannunsu. Wata rana kuma malamar ta manta ba ta kulle kabet ɗin ba, ta makara, da ta iso ta tarar kowa ya ɗauko abin da yake so. Daga nan aka koma ajiye kayan a kan gajerun kantoci daidai tsayin yara. Makarantun da ke ɗauke da sunanta a yau, har da na Kano da Kaduna da Abuja, galibi na masu hali ne, amma dabarar kanta ba ta bukatar kuɗi.

Sai maganar yawa. Da can yaro shi ke ƙera abin wasansa: motar kara, motar langa-langa, 'yan tukwanen yumɓu na dafa tuwon ƙasa. Idan sun lalace sai su koma ƙasa ko murhu, a ƙera wasu. Yanzu kuwa na roba ne, masu araha, akasarinsu daga ƙasar Sin, inda gundumar Chenghai ta birnin Shantou ta yi suna wajen ƙera su. Kowace Sallah sai an ƙaro bindigar ruwa, tabarau, agogon roba da balan-balan. Kawu ya kawo tsaraba, gwaggo ta kawo, na bara kuma suna nan ba su ruɓe ba. Iyaye suna ganin yawan kaya gata ne. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Toledo ta Amurka, aka wallafa a 2018, ya nuna akasin haka. An gwada yara 36 masu watanni 18 zuwa 30, wani lokaci a ba su kayan wasa 4, wani lokaci 16. Da 4 ɗin sun fi daɗewa a kan abu ɗaya, sun kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Binciken ƙarami ne, amma duk wanda ya ga yaro ya shafe yini da taya ɗaya da sanda ba zai yi mamaki ba.

Abin yi a nan shi ne a raba kayan gida biyu ko uku. A bar kashi ɗaya a waje, sauran a ɗaure a ɓoye, bayan mako biyu ko wata a musanya. Motar da ya manta da ita za ta dawo masa sabuwa, kuma abin da zai kwashe da yamma bai fi ƙarfinsa ba.

Ma'ajin kuwa ba sai an je kanti ba. Bokitin fenti da aka wanke tas, kwalin taliya, tsohon kwando, duk sun isa. Abin gudu shi ne babbar jakar gana-mas-go guda ɗaya da ake zuba komai a ciki, domin yaro ba zai samo ƙwallonsa ba sai ya zazzage ta gaba ɗaya, aiki ya dawo sabo. Gara ƙananan mazubai marasa zurfi, kowanne da nau'insa: wannan na motoci, wancan na 'yan tsana da kayan girkinsu. Wanda bai iya karatu ba a zana masa hoto a jiki, ko ma a bar shi ya zana da kansa. Jakar makaranta da yunifom a kafa musu ƙusa daidai kafaɗar mai su, takalmi kuma ya sami wuri ɗaya tak kusa da ƙofa. Lokacin kwashewa ma akwai shi a al'adarmu, tunda dama da an doshi magariba ake kiran yara su shigo. Minti biyar kafin kiran salla ya isa. Sai dai "gyara ɗakin nan" umarni ne mai girma ga ɗan shekara uku, bai san ta ina zai fara ba. "Auta, zuba motocin a bokiti" kuwa ya san farkonsa da ƙarshensa.

Akwai dalilin da ya fi kyan gani muhimmanci, musamman a gidan da ake da mai rarrafe, wanda duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Tayar mota da ta cire, dutsen ado, guntun balan-balan da ya fashe, kowanne na iya shaƙe shi. Shi ya sa ake ganin alamar 0-3 da aka soke da jan layi a kwalayen wasu kayan wasa. Mafi haɗari shi ne ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo da ke cikin agogo da motoci masu fitila. Idan ya maƙale a hanyar abinci, yana iya ƙona ta cikin awa 2. Wanda ya haɗiye shi asibiti za a nufa da shi nan take, ba a tsaya sa shi amai ba. Da damina, tsohuwar taya da gwangwanin da aka bari a waje suna tara ruwa, sauro kuma yana iya kammala girma a ciki cikin kamar mako guda zuwa kwana goma. A kife su ko a shigar da su rumfa. Takalmin da ya kwana a tsakar gida a kakkaɓe shi kafin a sa ƙafa, saboda kunama.

Wani abin da ba a cika faɗi ba shi ne a kan wa aikin yake faɗawa. A gidaje da yawa yaya mace ce ke bin ƙannenta maza tana kwashe abin da suka watsar, su kuma suna waje wajen ƙwallo. Namijin ya tashi da sanin cewa akwai mai kwashe masa, wata rana matarsa ce za ta gaji aikin. Wanda ya fito da abu shi ya kamata ya mayar, mace ko namiji, yayar ta tsaya a kan nuni da taimako. Maigidan da ke jefar da rigarsa a kan kujera shi ma yana cikin lissafin, don yara suna kallo.

A babban gida mai ɗakuna biyu ko uku kuma, kayan wasa kan zama sanadin faɗan da ya wuce yara. Keken ɗan wannan ɗaki ya karye a hannun ɗan wancan, kafin dare iyaye mata sun daina gaisawa. Ana iya rage wannan idan aka bambanta tun farko: abin da aka saya don kowa, kamar ƙwallo ko ludo, ya zauna a wuri na kowa, abin da yake na mutum ɗaya kuma ya zauna a mazubinsa, mai so ya roƙa. Haka nan ranar rage kaya, kada a yi ta a bayan idon yaro. Murfin kwalbar da uwa ke gani shara, wataƙila shi ne golan ƙungiyarsa. A zauna da shi a ware: wanda ya karye har yana da kaifi a zubar, wanda ya yi masa ƙanƙanta a wanke, shi da kansa ya miƙa wa ƙaninsa ko ɗan maƙwabta.