Masu Kwashe Shara a Dandalin Stack Overflow

Shirinmu na yau zai leƙa Stack Overflow, dandalin intanet da Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe a shekarar 2008, inda masu rubuta manhajar kwamfuta ke kai kukansu idan aiki ya cije. Kowa na iya tambaya, kowa na iya amsawa. To, wurin da aka ce na kowa ne, dole shara ta taru.

Masu kwashe ta 'yan sa-kai ne, ko kwabo ba a biyansu. Maki ne ke buɗe musu ƙofa. Sabon shiga yana iya kawo gyara, amma sai wasu sun duba sun amince, sannan a ba shi maki 2. Wanda ya tara maki 2,000 yana gyara rubutun kowa kai tsaye, kuma yana duba jerin rubuce-rubucen da aka yi ƙorafin ba su da inganci. Da maki 3,000 kuwa yana da ƙuri'ar rufe tambaya. A ƙarshen 2019 aka rage ƙuri'un da ake buƙata daga biyar zuwa uku.

Me suke tararwa a jerin? Amsar da ba komai cikinta sai adireshin wani shafi, wanda gobe zai iya ɓacewa. Ko wanda ya zo gurbin amsa ya ce shi ma matsalar ta same shi.

Gyaran yana da ladubbansa. Ana daidaita kalmomi, a tsara sakin layi, a cire gaisuwa da godiya, abin da Bahaushe zai ji banbaraƙwai. Amma ba a taɓa layukan manhajar da mai tambaya ya kawo, domin mai gyara na iya share ainihin kuskuren da ake tambaya a kansa. Su ma masu bitar jerin ana ɗana musu tarko: a jefa musu rubutun da an riga an yanke hukuncinsa. Mai danna "ya yi" ido rufe, idan ya yawaita faɗawa, sai a dakatar da shi.

Sai dai aikin yana da sauƙi ne muddin rubutu mara kyau yana nuna kansa. ChatGPT, injin da ke rubuta amsa da kansa, ya rushe wannan. Amsoshinsa sumul suke, Turanci tsaf, amma da yawa ba daidai ba ne, kuma sai gwani ya zauna ya gwada kafin ya gane. A Disambar 2022 aka hana saka su. Da kamfanin da ya mallaki dandalin ya ɗaure wa masu kula da shi hannu wajen hukunta masu yin hakan, sai suka tafi yajin aiki a Yunin 2023, wasu masu bita suka mara musu baya. Ba su dawo ba sai a Agusta, bayan an zauna an sasanta kan yadda za a riƙa gano irin waɗannan amsoshi.