Haki Da Kumburin Ƙafa: Kada Mu Raina Su

'Yan'uwa manoma, mukan ga mutum wanda dā yakan nome kunyoyi ashirin bai miƙe ba, yanzu kuwa kunya biyu sai ya dogara da fartanya yana haki. Mukan ce tsufa ne, ko kuwa sammu. Sau da yawa zuciyarsa ce ta gaji.

Zuciya kamar injin ban ruwa take. Takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, tana tura jini ko'ina cikin jiki. In ƙarfinta ya ragu, sai ruwa ya kwanta inda bai kamata ba.

Idan a huhu ya kwanta, mutum yakan yi haki da ɗan ƙaramin aiki. Ba ya iya kwanciya sosai, sai an tara masa matasan kai. Yakan farka da tsakar dare numfashi yana sarƙewa, yana tari, wani lokaci da kaki mai kumfa. Idan kuwa a ƙasa ruwan ya taru, ƙafafu sukan kumbura, daga baya hanta da ciki su bi. Ga gwaji mai sauƙi: a danna ƙwaurin mutum da babban yatsa. In wurin ya lotsa bai tashi nan da nan ba, ruwa ne.

Abubuwa uku ne suka fi gajiyar da zuciya a ƙauyukanmu. Na fari hawan jini. Shi kuwa ba ya sallama, gama mutum yakan yi shekaru da shi bai ji kome ba, sai awo ne yake tona shi. Na biyu ciwon maƙogwaro na yara masu shekara 5 zuwa 15. In ba a yi maganinsa ba, bayan mako biyu ko uku zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi sukan biyo, su lalata ƙofofin zuciya. Sau da yawa ɓarnar ba ta bayyana sai yaro ya girma. Penisilin a kan kari yana hana wannan.

Na uku ya shafi matanmu. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura mata da yawa zuciyarsu tana gazawa bayan haihuwa. Suka ga kunun kanwa, da wankan jego, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta suna ƙara wa zuciya nauyi, domin kanwa, kamar gishiri, tana riƙe ruwa a jiki. Amma wadda ba ta taɓa shan kanwa ba ita ma tana iya kamuwa. Saboda haka mai jego da take haki ko kumburi, kada a ce sai ta yi arba'in. A kai ta asibiti ran nan.

Abin da sakaci yake haifarwa ya fi ciwon muni: shanyewar ɓarin jiki, lalacewar ƙoda, ko mutuwa farat ɗaya. Zafin ƙirji mai danna mutum kamar dutse, tare da gumi, ba ya jiran wayewar gari.

Me za mu yi? Kowane babba ya je a auna jininsa ko sau ɗaya a shekara. Mu rage gishiri da kanwa a abinci. Wanda aka ba magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Tsaga da ƙaho ba sa fitar da wannan ruwa. Kowace ƙungiya kuma ta ware kuɗin mota a asusunta, domin kada ɗan'uwa ya kwana yana haki a ɗaki ana jiran ranar kasuwa.