In Na'ura Ta Yi Nauyi, A Duba Teburinta Kafin A Zargi Rezo

A ƙarshen kowane wata, gidajen likita na karkarar Matamaye, cikin jahar Damagaram, sukan tattara lissafinsu: yara nawa aka yi wa rigakafi, nawa masassarar cizon sauro ta kwantar, nawa tamowa ta kama. A da, takarda kaɗai ke ɗauke da wannan lissafi. Yanzu ana zuba shi cikin DHIS2, tsarin da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙago, wanda Nijar da ƙasashe fiye da 70 suke aiki da shi. Da wannan lissafi ne hukuma take sanin inda ya kamata magani ya fara isa.

To, duk ma'aikacin da ya saba da irin wannan aiki ya san ranar da zai danna ordinatarsa, ya yi ta jira, shafi ya ƙi buɗewa. Nan da nan sai a ɗora wa rezo laifi. Sau da yawa haka ne. Amma wani lokaci ciwon yana can nesa, a jikin uwar na'ura, wato babbar ordinatar da ke riƙe da rumbun bayanan kowa.

Tebur da mangaza

Ya mai karatu, ɗauki uwar na'ura kamar magatakarda mai tebur da mangaza. Mangaza ita ce faifan ajiya: tana da faɗi, amma ɗauko abu daga ciki sai an yi tattaki. Tebur kuwa shi ne ƙwaƙwalwar aiki: ƙarami ne, amma abin da ke kansa yana kusa da hannu. In tebur ya cika, sai magatakarda ya dinga kwashe takardu zuwa mangaza yana komowa da su, yini ya ƙare a kai da komo. Haka na'ura take yin nauyi. In abin ya tsananta, takan kashe wani aiki da kanta don ta samu wuri, kowa ya tsaya cik.

Ina maganin?

Gwani ba ya fara cewa a sayo sabuwar na'ura. Awo yake fara yi: ƙwaƙwalwa nawa ta rage, wane aiki ne ya fi ci, kuma da wane lokaci.

Na biyu, sai ya duba rabo. DHIS2 yana ajiye bayanansa cikin PostgreSQL, kuma masu wannan rumbu sun ba da shawarar a fara ware masa kashi 25 cikin 100 na ƙwaƙwalwar don takardun da ake yawan nema. Na'ura mai gigabait 32 ke nan, a ware 8. Akwai kuma rabon da kowace tambaya take ɗauka don jera amsarta, wanda asalinsa megabait 4 ne. In aka ɗaga shi zuwa 100, mutum 100 kuma suka tambaya tare, gigabait 10 sun tafi. Shi kansa DHIS2 yana buƙatar nasa kason. Rabon da ya wuce abin da ke cikin tukunya, rigima yake haifarwa.

Na uku, babban aikin haɗa jadawalin ƙasa baki ɗaya a bar shi sai dare, lokacin da birori suke rufe. Sai duk wannan ya kasa ne za a ƙara ƙwaƙwalwa.

Namu kason

Ma'aikata ma suna da hannu a ciki. Kada kowa ya jira ranar ƙarshe kafin ya zuba lissafinsa. Mai neman adadin wata ɗaya na Matamaye kada ya kira na shekaru 5 na ƙasa duka. In kuma na'ura ta yi nauyi, a rubuta rana da sa'a da aikin da ake yi, a sanar da masu kula da ita, gama da wannan ne za su gano bakin zaren.

Daga Agusta zuwa Oktoba masassara ta fi kayar da yara. Lissafin da ya makara a wannan lokaci yana iya sa magani ya makara. Saboda haka a gyara tun damina ba ta faɗi ba, don rigakafi ya fi magani.