Tsakanin Hadari da Haɗari: Yadda Ake Gane Ruwa Zai Ɓaci

A watan Afrilu na 1992 babu wanda zai yi tsammanin kudancin Sakkwato zai shiga labaran duniya saboda kifewar kwale-kwale. Amma shekaru talatin daidai bayan nan, a Afrilun 2022, mutum 29 daga ƙauyen Gidan Magana suka rasu a ruwan Shagari, maƙwabciyar Tambuwal. A watan Mayu na 2023 kuma, yara 15 daga Dandeji suka bi su, sun fita neman itacen girki. Yawan lodi da rashin rigar ceto su ne manyan masu laifi a irin waɗannan masifu. Sai dai jirgin da aka cika maƙil ba ya bukatar babbar igiyar ruwa kafin ya nutse; 'yar ƙarama ta ishe shi. Don haka ya kamata masu fito a Gulbin Zamfara wajen Kebbe, da masuntan tafkunan Tambuwal, su san lokacin da ruwa zai ɓaci tun bai ɓaci ba.

Abubuwa uku ke haifar da igiyar ruwa, wato ƙarfin iska, da tsawon lokacin da ta ɗauka tana kaɗawa, da kuma faɗin ruwan da ta ratsa ba tare da wani shamaki ba. Wannan na ukun shi ake yawan mantawa. Iskar da ta ƙetare gulbi daga wannan gaɓa zuwa waccan ba ta da filin tara igiya. Idan kuwa ta miƙa bisa tsawon gulbin, ko ta sami fadamar da ambaliya ta mayar tamkar teku a watan Agusta, to, labari ya sha bamban. Shi ya sa mutum zai taso daga gaɓar da itatuwa suka kare, ruwa kwance lumui, sai ya kai tsakiya ya ga abin da bai zata ba. A kan waɗannan abubuwa uku ne masana biyu, Harald Sverdrup da Walter Munk, suka gina hanyar hasashen igiyar teku a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin sojojin taron dangi su san ranar da ƙananan jirage za su iya sauka gaɓa.

Bugu da ƙari, idan iska ta fuskanci inda ruwa ke gangarowa, igiyoyin kan matsu, su yi tsini. Gulbin Zamfara yamma ya nufa, iskar damina kuwa daga kudu maso yamma take fitowa. Ke nan a wurare da dama karo suke yi.

To, yaya za a auna iska babu na'ura? Tun 1805 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya tsara ma'aunin da ido kawai yake bukata, daga baya aka ƙara masa alamomin tudu. Idan ƙura ta fara tashi, ƙananan rassa suna motsi, iska ta kai kilomita 20 zuwa 28 a awa. Idan ƙananan itatuwa masu ganye suna rangaji, ana ganin farin kumfa a kan igiyoyi har cikin tafki, ta kai 29 zuwa 38. A ganina, nan ne iyakar kwale-kwalen da ya ɗauki mata da yara da buhunan hatsi. Ɗalibai su lura da wannan lissafi: idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta sau huɗu yake ninkawa.

Amma babban abokin gaba shi ne hadarin gabas. (Hausa ta yi hikima da ta bar ƙugiya ɗaya tak tsakanin hadari da haɗari.) A yankinmu gizagizan tsawa kan jeru su yi sahu mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su taso daga gabas zuwa yamma da gudun da kan kai kilomita 50 a awa. A cikinsu ruwan sama na janyo iska mai sanyi ƙasa. Idan ta bugi ƙasa sai ta bazu, ta riga ruwan isowa. Wannan ita ce iskar nan mai ƙura da ke yaye jinka a farkon damina. Kafin ta iso sau da yawa gari kan yi tsit, zafi ya dame, ruwa ya kwanta kamar madubi. Wannan kwanciya ita ke ruɗin mai gaggawar komawa gida daga kasuwa.

Akwai lissafin da kowane yaro zai iya yi a bakin mashigi. Ƙara na tafiyar kilomita 1 cikin kusan daƙiƙa 3. Idan ka ga walƙiya, ka ƙirga har 30 sannan ka ji tsawa, hadarin na nesa da kai kilomita 10. Da gudun kilomita 50 a awa, minti 12 ya rage, iskar da ke gabansa kuma ba za ta jira haka ba. Sai mai fito ya tambayi kansa: minti nawa filafili zai ɗauka ya kai ni waccan gaɓa?

A Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka, inda hadarin dare ke cin masunta da yawa, Hukumar Yanayi ta Duniya ta fara wani shiri a 2017 na isar da hasashe ga masu jirage ta rediyo da wayar hannu da tutoci a bakin ruwa. Mu ma muna da hukumar NiMet da ke fitar da hasashen tsawa da iska. Abin da ya rage shi ne ya isa kunnen Sarkin Ruwa da Hausa, kafin jirgin farko ya tashi ranar kasuwa.